Littafin Miƙa-Baya a Motar Kebbe

Kusan kullum sai samarin tashar Tambuwal sun zo rumfata shan inuwa, kuma kusan kullum sai ɗaya daga cikinsu ya ɗauki ɗan siririn littafin da na ɗinka, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Baba Hali, wanga aiki ai ko ni ina iyawa. Ka yage littafi, ka soka allura, shi ke nan." Ba na musu da su. Nakan miƙa wa mai maganar basilla da zare da wani tsohon littafi, in ce bismilla. Har yau ban ga wanda ya gama bai soki yatsansa ko ya ɗinke rubutun ba. To tunda bakinku ya fi hannunku sauri, ku gyara zama ku ji yadda sana'ar take, da yadda saura ƙiris a raba ni da rumfar nan da kuke miƙe ƙafa a cikinta.

Ni ba da sayar da littafi na fara ba, da ɗinkinsa na fara. Maigidana shi ne Baba Mamman baduku, wanda ke yi wa malaman garin nan gafaka da bangon fata. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa ina zaton a take za a danƙa mini basilla. Sai ya nuna mini tukunya. Aikina na farko shi ne dama kokon manni, wato garin rogo da ruwan da aka dafa ganyen dogon yaro a ciki, domin ɗacin ya hana gara da kyankyaso kusantar takarda. In ya yi ruwa, takarda ta jiƙe ta kumbura. In ya yi kauri, ya bushe ya tsattsage. Baba Mamman yakan tsoma yatsa ya ɗaga, ya dubi yadda yake zuba, ya ce in zubar in sake, kuma ba zai gaya mini abin da ya lalace ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ina bakin murhu. Sai da hannuna ya gane kaurin da kansa sannan aka ba ni zare, shi ma ba don in ɗinka ba, don in riƙa goga masa kakin zuma.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Basilla ce, da tsinken huda, da aska, da wani ƙashin haƙarƙarin sa da ya sha hannu har ya yi santsi, wanda ake murza lanƙwasar takarda da shi, sai tsohon dutsen niƙa na danne aiki. Da su nake aiki har yanzu, aska kaɗai na taɓa sauyawa.

Aikin da ya fara buɗe mini ido wani littafin fiƙihu ne da wani malami ya kawo daga Jabo, rubutun hannun kakansa. Ɗaki ya yi yoyo, warƙoƙin sun manne sun zama dunƙule guda. Na kai hannu zan ɓamɓare, Baba Mamman ya buge mini hannu.

"Kak ka ja," in ji shi. "Aza tukunya, bari tururi shi buɗe ta da kainai."

Muka riƙe littafin a kan tururi, yana zura gashin zabo tsakanin warƙa da warƙa a hankali, har muka raba su duka babu wadda ta yage. Da suka bushe na ɗauko zare da rawar jiki, sai malamin ya ce kada a ɗinka. Irin waɗannan littattafan na da a sake suke zama cikin gafaka, domin in an zauna karatu kowane ɗalibi ya zari warƙarsa, in ya gama ya mayar. Na ji haushi ƙwarai a lokacin, gani nake an hana ni nuna gwaninta.

Bayan rasuwar Baba Mamman na samu wannan rumfa, na haɗa ɗinki da sayarwa. Nakan saro kaya a Sakkwato, littattafan addini da na labarai waɗanda ake bugowa daga Kano. Ku kuna ganin shimfiɗa tabarma ce kawai a jera kaya a zauna. To ku sani, mai sayar da littafi a tasha ba ya fara tambayar mutum wane littafi yake so. Tambayar farko ita ce, ina za ka? Wanda zai hau kwalta zuwa Sakkwato ko Jega, ba shi duk abin da ya nuna. Wanda zai yi Kudu, ba shi mai kauri, kada ya ƙare tun bai ƙetare Kwara ba. Amma wanda zai shiga motar Kebbe, nemo masa mai manyan baƙaƙe, domin hanyar nan tana girgiza ido yadda take girgiza ciki. Kuma duk littafin da ke kan tabarmata sai na karanta shi, kada in ba malamin masallaci abin da zai dawo ya jefe ni da shi.

Motar Kebbe ita ce gonata. Ba ta cika da wuri, mutum yakan zo da hantsi ya ga azahar a tasha. Malaman makaranta da aka tura can, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa masu zuwa Fakku sayen hatsi, duk a bencina suke jira, kuma da wuya mutum ya tashi hannu sake. Matan aure ma da ba sa fitowa sukan ba direbobi saƙo. Na ci shekaru masu albarka a haka, ba na ƙorafi.

Waya ba ta shigo mini da hayaniya ba. A hankali na ga masu zama a bencina sun fara duƙar da kai kan tafin hannunsu. Marubuta suka koma sakin labarai a waya, mata suka buɗe zaurukan karatu a cikinta. Sannan Nasiru, ɗan wani abokina, magidanci mai iyali, ya kafa teburi a bakin ƙofar tasha da sola da kwamfuta, yana cajin waya, yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da littattafai. Ba zan yi muku ƙarya a kan waya ba don ta taɓa cin kasuwata. Na ga malamin da ke ɗaukar jakar littattafai har kafaɗarsa ta karkace, yanzu duk suna cikin aljihun gaban rigarsa. Gara ba ta cin su, ruwa ba ya manne su, ba sa buƙatar fitila. Ni kaina da Nasiru ya nuna mini yadda ake ƙara girman baƙaƙe da yatsa biyu, sai da na ce ya sake yi in gani.

Sai ga muguwar shekara ta zo ta haɗa mini komai. Ciniki ya tsaya cak, mako yakan wuce ban buɗe baki na faɗi farashi ba. Damina ta yi ƙarfi, kwanon rumfa ya yi yoyo daidai kan tarin labarai, gara kuma ta biyo ta ƙasa ta cinye abin da ruwa ya bari. Ina cikin shanya abin da ya rage sai ga sarkin tasha, Alhaji Ladan, mutumin da duk wata rumfa da layin mota ke hannunsa. Bai zauna ba.

"Hali, ka san ba ni son ɓata maka," in ji shi. "Amma rumfag ga ta tasha ta, ba ta gado ba. Nasiru na cikin rana da mutane cunkus, kai kana cikin inuwa da kyankyasai. In anka gama Babbar Salla ka kwashe, shi shigo."

Na ce, "Alhaji, ina za ni kai su?"

"Gida mana. Wa ka karatun takarda yanzu?"

Ya wuce abinsa. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Mai littafi in ya bar tasha ya gama, domin babu wanda zai bi lungu ya yi sallama a ƙofar gida don neman abin da zai karanta a mota. Kuma ba ni da hujjar da zan ja da Alhaji, gaskiya ya faɗa, bencina babu kowa.

Cikin littattafan da ruwa ya jiƙa akwai wani labari mai kauri da nake so. Labarin wani mutum ne da abokinsa ya bar masa amanar shanu ya yi tafiya bai dawo ba, shanu suka hayayyafa, bayan shekaru wani saurayi ya ɓullo ya ce shi ne ɗan mai shanun. Na kwance ɗinkinsa, na raba shi a kan tururi yadda aka koya mini, na rataye shi kashi-kashi a igiya don ya sha iska. Ranar ce Malama Inno ta zo ta zauna a bencina. Ungozoma ce a asibitin Kebbe, tana cikin manyan masu sayen littafi a wurina kafin ta koma waya. Ba don ni ta zo ba, wayarta ce ke caji a teburin Nasiru, inuwa ta kawo ta. Don kada ta zauna haka, ta zari kashin farko daga igiya ta fara dubawa.

Mota ta cika, direbanta Bagudu yana ta danna oda, Malama Inno ba ta ɗaga kai ba.

"Baba Hali, ga jaka, ga ɗiya bisa cinya, ban da wurin sa babban littafi," in ji ta. "Amma waɗanga sirara ba ni su, in na dawo in maido maka."

Na yi musu ɗinkin gaggawa, na naɗe su a leda, ta tafi. Ban sa komai a raina ba, abin da ruwa ya riga ya ɓata ne.

Bagudu ne ya fara dawowa. Mutum ne mai faɗa, shi da fasinja kullum sai an rabu dutse a hannun riga. Ya tsaya a kaina yana huci.

"Hali, mi kab ba fasinjana?"

Na ce, "Lafiya?"

"Taya ta fashe muna tsakiyar daji, munka daɗe, rana na dukan mu. Ba wanda yaz zage ni. Ko uwata ba a ambata ba. Tun da nika tuƙi ban taɓa ganin haka ba."

Da Malama Inno ta dawo ƙarshen mako ta ba ni sauran bayani. Tana karanta kashi na farko, matar da ke kusa da ita tana leƙe. Da ta gama sai ta miƙa mata, ta ɗauki na biyu. Matar ta gama ta miƙa baya. Kafin a yi nisa kowane layin kujera yana da kashi a hannu, na gaba suna gaba a labari, na baya suna biye, ana ta cewa a yi sauri a miƙo. Wani mai shanu a can ƙurya da bai iya boko ba ya matsa wa maƙwabcinsa sai ya karanta masa a bayyane.

Na ce, "To ke da ke da ɗaruruwa cikin waya?"

Ta yi dariya. "Baba, bisa hanyag ga rana na haske gilashi, ba ka ganin komi. Ga tsoron caji shi ƙare ka rasa kiran gida. Amma duk ba wannan ba. Wa ka miƙa wayatai baya cikin mota? Ni ko ƙanwata ba ni miƙa ma, balle baƙo."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Waya tana ɗauke da littafi ɗari, amma mutum ɗaya take yi wa aiki, domin a cikinta sirrinsa yake da hotunan iyalinsa. Takarda kuwa ana raba ta a miƙa wa wanda ba a san sunansa ba. Kuma mutanenmu ba sa buƙatar a koya musu wannan. Duk wanda ya taɓa zama wurin saukar Alƙur'ani ya san yadda ake raba izu-izu, kowa ya karɓi nasa. Malamin Jabo ma abin da yake nufi ke nan lokacin da ya hana ni ɗinki, ni ne ban gane ba sai da furfura ta fito mini. Na ɗauko aska na fara yanka littattafan da ruwa bai taɓa ba, da hannuna. Direbobi ne suka raɗa wa abin suna miƙa-baya.

Nan ne aikin yake, ku masu cewa yagewa ce kawai. Ba a raba littafi da ƙidayar shafi. Ana yanka shi ne daidai inda mai karatu ya riƙe numfashi, inda aka ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba tukuna. Wurin nan kuwa ba ya taɓa faɗawa daidai ɗinkin maɗaba'a, don haka sai ka yanke warƙa, ka manna mata ƙyallen akoko a gindi, ka danne da dutse ta bushe, sannan ta karɓi zare. In kashi ya yi kauri, na baya su gaji da jira, faɗa ya tashi. In ya yi siriri da yawa, na gaba ya cinye labarin ya fara ba mutane amsa. Ɗinkin kuma dole ya bar littafin ya buɗe ya kwanta a hannu ɗaya, domin ɗaya hannun yana riƙe da kujera. Bango nakan yi shi da takardar buhun siminti ninki biyu, in goge da kaki, saboda gumi da man ƙosai. Lambar kashi ba na dogara da rubutu, ƙulli nake yi a jelar zare, na farko ƙulli ɗaya, na biyu biyu, yadda tsohon da bai san boko ba zai shafa da yatsa kamar tazbaha ya san wanda ke hannunsa.

Zaɓen labari ma wani aiki ne. Abin da mutum ke karantawa a wayarsa tsakaninsa da Allah ne. Littafin mota kuwa da kunnen suruki a ciki, da na malami, da na yara. Duk labarin da mace ba za ta iya karantawa a bayyane gaban abokin mahaifinta ba, ba ya shiga gafakata, kome daɗinsa. Na ajiye da yawa saboda haka.

Na ɗinka gafaka da guntun tamfol, Bagudu ya rataye ta a bayan kujerarsa, yana karɓar haya duk mako ina sauya masa labari. Wasu direbobin layin suka biyo baya. Abin da ban zata ba shi ne masu sauka a hanya. Mutum ya sauka a mararraba labari bai ƙare ba, ya kwana da shi a ransa, ranar kasuwa sai ga shi a rumfata yana neman cikakken littafin ya kai gida. Fasinja kuma suka kafa wata doka da kansu, ba ni na kafa ba: kashi na ƙarshe ba a miƙa shi baya. In kowa ya iso, mutum ɗaya ne zai karanta shi a bayyane, don kada wani ya riga wani sanin ƙarshe.

Na je na gaya wa Alhaji Ladan duk wannan. Ya saurare ni yana duba wayarsa, ya ce wasan yara ne, magana tana nan yadda ya faɗa. Shi a ganinsa ciniki shi ne taron da ido ke gani a gaban rumfa, nawa taron kuwa yana can cikin motoci a kan hanya.

Aka yi Salla, aka gama cin nama. Ranar kasuwar da ta biyo baya da hantsi Nasiru ya zo da kafinta za su auna rumfar. Ya gaishe ni yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni nir roƙa ba." Na ce na sani. Na riga na fara ɗaure littattafai a buhu, na sallama.

Muna cikin haka motar Bagudu ta shigo daga Kebbe, ta tsaya daidai inda ake lodi, aka kashe inji. Ƙofa ba ta buɗe ba. Ranar kasuwa ce fa, ranar da fasinja ke dirowa tun mota ba ta gama tsayawa ba. Wani direban da aka tare wa hanya ya fara danna oda yana zage-zage, babu wanda ya motsa, har Bagudu yana zaune riƙe da sitiyari. Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce ko rasuwa aka yi a hanya, wani ya ce ɓarawo aka kama a ciki. Alhaji Ladan ya taso daga ofishinsa yana tattara babbar riga, ya bugi ƙofar motar da tafin hannu.

"Bagudu! Mi ka faruwa? Kun toshe min layi!"

Wani dattijo mai shanu daga Fakku, da rawani da sanda tsakanin gwiwoyi, ya leƙo ta taga. Bai san ko wane ne Alhaji ba, kuma da alama ko ya sani bai dame shi ba.

"Bawan Allah, yi muna shiru," in ji shi. "Alƙali za shi yanke hukunci."

"Wane alƙali?"

 Daga tsakiyar motar muryar Malama Inno ce ke tashi, tana karanta kashin ƙarshe na labarin amanar shanun nan, wanda ya sake zagayowa gafakar Bagudu a makon. An kawo saurayin gaban alƙali, an kawo mai riƙon amana, an kawo tsohuwar saniyar da ta rage cikin na asali.  Na ga Alhaji ya ɗan karkata kai wajen tagar. Direban da ke oda ya daina. 'Yan kabu-kabu da ke bakin ƙofa suka kashe mashinansu suka matso. Mai shayi ya bar tukunyarsa. Masu jiran caji a teburin Nasiru suka taso, Nasiru kansa yana tsaye a bayana da igiyar awo a hannu. Tashar Tambuwal ranar kasuwa ta yi tsit, har kana jin kukan awaki daga kara, can kasuwar dabbobi.

Ba zan gaya muku hukuncin da alƙali ya yanke ba, wanda ke so ya shiga mota. Da Malama Inno ta rufe takardar sai motar ta kaure, wasu na salati, wasu na cewa ai tun farko sun faɗa, wata mata na rantsuwa alƙalin nan ya ci hanci. Dattijon Fakku ya sauko yana share ido da gefen rawani, bai ji kunyar kowa ba.

Alhaji Ladan ya riƙe masa hannun riga. "Tsaya, Baba. Shi wanda anka ba amanar, ƙaƙa anka yi yab bari shanun sunka kai haka bai nemi iyalin abokinai ba?"

Mutum uku suka buɗe baki za su ba shi labari, dattijon ya ɗaga sanda.

"Kak ku faɗa mai. Mu ma da hanya munka biya."

Aka kwashe da dariya. Nasiru, da yake yaron kirki ne kuma ɗan kasuwa, ya matso ya ce, "Alhaji, ina da littafin ga cikin kwamfuta. Kawo waya in tura maka yanzu."

Alhaji ya ciro babbar wayarsa, ya dube ta, ya dubi fasinjan da ke ta gardama sun ƙi watsewa, ya mayar da ita aljihu.

"In ka tura min, da wa za ni yin gardama?" Ya juya wajen kafinta. "Kai, tafi can gindin dogon yaro ka auna, tasha ta yi ma Nasiru tashi rumfa. Wagga da mai ita."

Na yi murna irin wadda ban yi ba tun ranar da Baba Mamman ya fara danƙa mini basilla. Ban yi godiya mai tsawo ba, kada murya ta ba ni kunya a gaban jama'a. Na juya na fara kwance buhunan da na ɗaure. Yau ga Nasiru can a rumfarsa, ga ni a tawa, mutum ya ba shi waya caji ya zo wurina ya zauna. Mai tafiya shi kaɗai da nisa nakan ce masa ya je Nasiru ya cika masa waya, ya fi masa sauƙi. Amma duk motar da ta bar tashar nan zuwa Kebbe da gafakata a rataye take fita.

Ban gama kwance buhun farko ba sai na ji inuwa a kaina. Alhaji Ladan ne.

"Hali, ba ni na farkon."

Na ce, "Alhaji, ai na farkon na cikin gafaka, gafaka na cikin mota, mota ko layinta ya zo, Kebbe za ta koma."

Ya dubi motar, an fara lodi. Ya dubi ofishinsa, mutane na tsaye suna jiran sa. Ya kira mataimakinsa ya ce ya riƙe tasha. Bagudu ya yi sauri ya buɗe masa gidan gaba, wurin manya, Alhaji ya girgiza kai ya ce shi tsakiya yake so, inda ake miƙowa kuma ake miƙawa. Ya naɗe babbar rigarsa, ya matsa tsakanin wata mai daddawa da wani mai buhun gishiri, ya miƙa hannu gaba yana jiran mai ƙulli ɗaya. Ranar kuwa ba shi da abin yi a Kebbe ko kaɗan.